Gidan hayar da na saya a kan tsohon kududdufi

Ɗaki shida ne da banɗaki biyu a hanyar Batagarawa, lissafina kuma ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, waɗanda kullum cikin neman ɗaki suke. Takardu lafiya lau, mai unguwa ya shaida, dillali ya karɓi la'adarsa. A watan Maris aka yi cinikin, ƙasa ta bushe ƙamas, gida ya sha sabon fenti ciki da waje.

Da ruwan Agusta ya kankama sai ƙofar ɗakin ƙarshe ta daina rufuwa. Daga nan tsaga ta taso daga kusurwar taga, ta bi layin bulo a karkace, samanta ya fi ƙasanta faɗi. Birkilana ya ce filasta ce kawai, buhun siminti ɗaya ya isa. Injiniyan da wani abokina ya kawo bai ma taɓa bangon ba, cewa ya yi a tona rami a gindin ginin.

Ledoji muka fara cirowa, sai tsummokara da ɓaraguzai da baƙar ƙasa mai wari. Wani dattijo maƙwabci da ya leƙo ya ce, "Alhaji, ai nan kududdufi ne. Nan muka ɗebi ƙasar ginin rabin unguwar nan." Na ce, "Baba, me ya hana ku faɗa mini?" Ya ce, "Ɗana, wa ya tambaye mu?"

Bola aka yi ta zubawa har ramin ya cika, aka ɗora fandisho mara zurfi a kai da bulo inci shida, babu rodi. Cikon da ba a daddale ba in ya sha ruwa zama yake yi, kuma ba daidai yake zama ba, shi ya sa kusurwa ɗaya ta sauka ta bar sauran. Ga sokawe manne da bango, ga ruwan kwano na zuba a gindinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, da muka kankare fentin mun tarar an taɓa toshe wannan tsagar da siminti kala biyu. Amma mai gidan na da ya rantse bai san da ita ba.

Gyaran ba ya son gaggawa. Kamar mita ɗaya-ɗaya ake tonawa a ƙarƙashin fandisho har a taɓa ƙasa mai tauri, a zuba kankare, a bari ya kama kafin a matsa gaba. In aka tone gaba ɗaya bango zai zauna. Muka ɗauke sokawe, muka daɓe kewayen gida. Hayar kusan shekara biyu ta tafi a nan, ɗakuna biyu kuma babu kowa.

Yanzu da damina nake duba gida. Ina buɗe kowace ƙofa, ina ƙwanƙwasa filasta da tayil in ji inda ya yi holoƙo. Tsaga siririya kamar gashi ba ta damuna, ta karkace ce nake tsoro. Kafin dillali ya buɗe baki na gaisa da tsofaffin layin, na tambaye su me ke wurin kafin a yi gini. Kwanan baya an nuna mini wani a Sabuwar Unguwa, na ce zan kawo injiniya ya tona gefen bango, mai gida ya ce ba a tona masa gida. Nan cinikin ya mutu.