Godiya ga waɗanda suka ara mini hannuwansu

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis da ta wuce na kare kundin digirina na uku a nan Ingila. Awa uku da ɗoriya malamai biyu suna tsitsiye ni shafi bayan shafi, daga ƙarshe suka ce an haye, sai 'yan gyare-gyare. Saƙonninku sun cika mini waya har na kasa amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Da yawanku kun sha tambayata me nake yi shekara huɗu a ɗakin da ko taga babu. Bari in faɗa muku yadda na faɗa wa Inna. Kun san yadda kwanon rufi yake ƙas-ƙas idan rana ta buge shi da hantsi? Zafi ne ya sa ƙarfen ya miƙe, miƙewar ta ba da ƙara. To jini ma haka yake. Muna harba hasken leza cikin fata, walƙiya ɗaya da ƙiftawar ido ta fi ta tsawo sau miliyoyi. Sinadarin da ke sa jini ja sai ya zuƙe hasken, ya ɗan yi ɗumin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, ya kumbura, ya saki sautin da kunne ba ya ji. Na'ura irin ta sikanin da ake yi wa masu juna biyu ita ke saurare, kwamfuta ta mayar da sautin hoton jijiyoyin jini. In aka sauya launin hasken, har ana gane inda jini ke ɗauke da iskar oksijin da inda ta yi ƙaranci. Inna ta yi shiru a waya, can ta ce, "Wato jinin mutum magana yake yi, ku ne masu sauraro?" Wallahi ko a gaban malamaina ban iya faɗar ta da kyau haka ba.

Abin ba sabo ba ne. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, shi ya fara lura tun 1880 cewa haske na iya haifar da sauti. Sai da leza ta samu aka ci moriyarsa. A 2018 Farfesa Lihong Wang da mutanensa a jami'ar Caltech ta Amurka suka nuna na'urar da ke ɗaukar hoton mama cikin daƙiƙa 15, numfashi ɗaya kawai mace za ta riƙe, babu matsewa mai ciwo, babu hasken eksire. A 2021 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Imagio, mai taimaka wa likita bambance ƙullutun mama mai haɗari da marar haɗari.

Inda ni na shigo shi ne wata rana da na ce bari in gwada da hannuna. Hoton abokin aikina Bature ya fito tas, jijiyoyi kamar saiwar bishiya. Nawa kuwa hazo ne kawai, kamar sararin Kano a tsakiyar hunturu. Na ɗauka na'urar ce ta ɓaci. Ashe melanin, sinadarin da ke sa fatarmu baƙa, shi ma gwanin shan haske ne. Tun a bakin ƙofa yake tare shi, ƙarar fatar ta danne ta jijiyoyin da ke ƙasa. Farfesa Muyinatu Bell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta na Brazil sun nuna wannan matsala a 2023, har da hanyar lissafi ta rage ta. A kan wannan hazon na ƙarar da sauran shekaruna.

To a nan ne babbar godiyata take. Aikin ba ya yiwuwa sai da masu baƙar fata, kuma ba kowa ne zai yarda ya tsoma hannu cikin ruwa, a sa masa tabarau mai duhu, a ce kada ya motsa ba. Malam Liman, ku kuka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ku kuka fara naɗe hannun riga. Direbobin tasi da suka bar aikin Asabar, ɗalibai 'yan Nijar da 'yan Gana, da iyayenmu mata da suka ce in dai don ciwon mama ne za su zo ko da dusar ƙanƙara, kuma suka zo ɗin. Akwai dattijon da ya ce ruwan ya yi masa sanyi, muka ɗumama, ya ce yanzu kuma ya yi zafi, aka yi ta dariya har hoton ya lalace, ya dawo mako na gaba. Sunayenku ba sa cikin kundin, doka ce ta hana, lambobi ne kawai. Ni dai na san hannun kowa. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku lafiya mai amfani.

Na gode wa malamata da ta tsaya mini lokacin da lezar ta mutu wata biyar, kamfanin da ya sayar mana ya yi ta yi mana gafara sa ba mu ga ƙaho ba, kuɗin karatuna kuma na neman ƙarewa. Na gode wa mai kula da kayan ɗakin bincikenmu, wanda bai taɓa nuna gajiya da ni ba.

Maman yara, ke kika san dararen da nake dawowa bayan kun yi barci, ke kika riƙe gida a ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Allah ya bar mu tare. Yaya, kuɗin jirgin farko naku ne, ban manta ba. Baba bai ga wannan rana ba, duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa.

Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Masu hannuwa, ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a zauren masallaci. Akwai shayi, akwai kilishin da ya iso daga gida, kuma wannan karon ba wanda zai ce muku kada ku motsa.