Dala tara a kan kowane kwali

Asabar.

Sanyi ya sauka da gaske. Sai da na kankare gilashin mota kafin na fita asuba, sahu ɗaya ma ba mu cika ba. Auta har yanzu yana tari, amma zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi. Waɗanda suka yi ta tambayarsa, na gode, Allah ya bar zumunci.

Saura mako guda a buɗe farautar barewa, garin kuwa ya riga ya ɗauki harama. A nan jihar Wiskonsin ta Amurka kwana tara ne lokacin bindiga, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba zuwa Lahadin da ke bayansa, kuma mutum fiye da rabin miliyan ke yankar lasisi. Gidan mai, kantin burodi, bakin banki, duk inda ka waiga riga ce ruwan goro. Ni ma na ciro tawa na rataye a gareji ta sha iska.

Da hantsi na tafi wajen Dattijo mai shagon bindigogi, don harsashina ya yi ƙasa, kuma tun bara nake zargin madubin saitin bindigar ya goce. Shagon yana nan yadda kuka san shi: ƙararrawar ƙofa, warin mai da na kofi, tsohuwar karyarsa kwance kusa da hita. Ya karɓi bindigar, ya buɗe ya tabbatar ba komai a ciki duk da na gaya masa, ya ɗaure ta a kan teburinsa, ya bi kusoshin da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. A na baya ya tsaya. Ya kwance, ya goge, ya ɗiga wani ruwa mai riƙe kusa, ya mayar ya ɗaure. Na ce nawa, ya kaɗa hannu, ya ce in je in gwada a fili tukuna, in ta ci gaba da kaucewa in dawo da ita.

Ina tsaye ke nan wani saurayi ya shigo. Tsaf da shi, da ladabinsa. Ya nuna wata bindigar farauta a bango, Dattijo ya sauko masa da ita. Ya saɓa, ya auna a kafaɗa, ya ce ta yi masa tsawo. Aka sauko da wata. Ya tambayi wane harsashi ya fi dacewa da dajin arewacin jihar inda itatuwa suka yi duhu, ya tambayi wane madubi, ya tambayi yadda ake wanke ta. Dattijo bai gajiya ba. Har takarda ya ɗauko ya zana masa yadda harsashi ke sunkuyawa in ya yi nisa, da inda ya kamata ya nufa a jikin dabba don kada ya raunata ta ta gudu ta je ta mutu a wahale. Kofina ya huce a hannuna ina sauraro, don ni ma na ƙaru.

Da aka gama sai yaron ya zaro waya. Ya ɗan latsa, ya juyo da ita, ya ce ga ta nan a intanet da ragin dala tamanin. In ya saya a can aka aiko nan, nawa ne kuɗin karɓa?

Shagon ya yi tsit. Wani mai jiran layi ya sunkuyar da kai. Dattijo ya dubi wayar, ya gyara tabarau, ya ce, "Dala talatin ne, ɗana. Ka ba su adireshin nan, in ta iso zan kira ka." Ya goge bindigar da ƙyalle inda hannu ya taɓa, ya mayar da ita bango. Ko fuska bai canza ba.

Ga waɗanda ke gida, abin yana buƙatar ɗan bayani. A Amurka ba a aiko wa mutum sabuwar bindiga ƙofar gida kamar takalmi. Tun dokar 1968, bindigar da ka saya daga nesa sai ta sauka hannun dillali mai lasisin tarayya. Can za ka je ka cika fom, shi kuma ya tura sunanka a bincika, tsarin da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Ma'ana babban mai sayarwa yana can wata jiha ya kwashe ribar, mai ƙaramin shago ya ɗauki takardu da ajiyar rajista da alhakin duk abin da ya biyo baya, a kan kuɗin da ko wutar shagon na yini ba lallai ya biya ba. Da can ma masu intanet da yawa ba sa karɓar harajin ciniki na jiha, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2018 aka bai wa jihohi damar tilasta musu. Wannan ya rage tazarar, bai rufe ta ba, don wanda ke sarin dubu ba zai taɓa yin farashi ɗaya da mai sarin biyar ba.

Ban ga laifin yaron a kan neman sauƙi ba. Wataƙila albashinsa na farko ne. Abin da ya tsaya mini shi ne bai ko taya ba. Bai ce, Baba, ga abin da na gani, me za ka iya rage mini? A gida ciniki baki da baki ne, ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama ko a rabu da mutunci. Nan an gama cinikin a cikin waya, mai kaya yana tsaye bai san ana yi ba. Iliminsa aka ɗiba kyauta aka tafi.

Da layi ya zo kaina na ce kwali biyu na harsashi. Dala talatin da takwas kowanne. Na san sarai a babban kantin nan na bakin babbar hanya ashirin da tara ne wannan makon, takardar tallarsu tana cikin motata. Na ƙirga tsabar kuɗi na ba shi, don in ka biya da kati kamfanin katin ma sai ya yanki nasa daga cikin 'yar ribar. Ya ce in na samu, kada in manta da kilishinsa. Tun da ya ɗanɗana na bara yake wannan magana.

Uwargida ce ta tsinci rasit a aljihun rigar sanyi. Kun san ta da lissafi. Ta ajiye shi kusa da farantina, ta ɗauko takardar tallan da na shigo da ita da kaina, ta jera su.

"Abbansu, wannan fa?"

Na ce na sani.

"Ka sani, ka kuma biya? Dala goma sha takwas. Juya ta naira ka gani, ta haura dubu ashirin. Tiya nawa Inna za ta auna da ita?"

Na ba ta labarin kusar madubi da bai karɓi ko sisi ba. Na tuna mata 2020 da 2021, lokacin da harsashi ya ɓace a ƙasar nan gaba ɗaya, kantuna suka zama wayam, masu sayarwa a intanet suka ninka farashi. Dattijo ya riƙa ba kowa kwali ɗaya, ya rubuta sunayen mafarautan da ya sani a littafi don kada wani mai kuɗi ya zo ya kwashe, kuma abin da ya ɗora a kai bai taka kara ya karya ba. Ta ce ta ji wannan, ta kuma yarda mutumin kirki ne. Ta yi shiru tana juya cokali. Sannan ta faɗi abin da ya hana ni cin abincin.

"Da mai tumatir ne, ko mai ɗinki, wallahi ba zan ce komai ba. Amma mai sayar da bindiga? Shi ne za ka ƙara wa kuɗi don kada shagonsa ya rufe? Mu da muka san abin da bindiga ta yi wa garuruwanmu?"

Ban amsa ba a lokacin. Mutumin da danginsa suka bar gonakinsu a Zamfara suka koma zaman haya a Gusau ba a yi masa gardama da sauri a kan wannan magana. Ƙanin mahaifinta har yau bai koma ƙauye ba. Ni ma akwai dare da nake buɗe akwatin ƙarfen da nake kulle tawa, in dube ta, in ji wani iri a ƙirjina. Na tashi ina ganin maharba da bindigar toka da maƙeri ya ƙera, a ɗura albarushi a toshe da tsumma, mutane ne masu kirari da girma a gari. Yanzu yaro a can in ya ji kalmar bindiga, babura yake tunawa da gudu cikin dare.

Na yini da maganarta. Har na je na ɗauko yara daga Islamiyya ina juya ta.

Ga inda na tsaya, kuma da gaske nake. Bindigogin da suka hana mutanenmu barci ba su bi ta hannun wani mai shago da ya san sunan mai saye ba. Ta daji da kan iyaka suke shigowa, musamman tun rushewar Libiya a 2011, ba takarda, ba mai tambaya. A nan kuwa, ko na saya wajen Dattijo ko ban saya ba, bindiga za a ci gaba da sayar da ita, ƙasar haka take. Abin da kuɗina zai iya taɓawa kawai shi ne wane ne zai tsaya a bayan kanta. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka kashe kansu. Binciken hukuma yana duba ko kana da tarihin laifi, ba ya ganin idonka ya yi ja, ba ya jin muryarka tana rawa. Dattijo yana gani. A gabana ya taɓa hana wani mutum, magidanci, wanda ya shigo yana son ƙaramar bindiga, kowace iri, da harsashi kaɗan, bai damu da farashi ba. Ya ce masa yau ba ciniki, ya ja masa kujera, ya zuba masa kofi, ya sa mu muka ba su wuri. Na kuma san akwai bindigogin wani maƙwabcinsa a ma'ajiyarsa, matar ce ta roƙa a ajiye har mijin ya samu kansa. Ya sha korar wanda ya zo da budurwa ta cika fom da sunanta alhali shi ke nuna abin da za a saya, wanda babban laifi ne a dokarsu.

Ba kowane mai ƙaramin shago ne haka ba, akwai waɗanda in ka ajiye kuɗi ba ruwansu. Babban kanti ma yana bin doka, yana tura suna a bincika. Sai dai yaron da ke kanta a can yau, watan gobe wani ne, bai san ka ba, ba zai kuma san ka ba. Wannan tsohon ya san wanda matarsa ta rasu, ya san wanda aka sallama daga aiki, ya san wanda ɗansa ya dawo daga soja ba daidai ba. Ranar da ya rufe, duk wannan ya tafi da shi, a mayar da wurin kantin sayar da sigarin lantarki kamar yadda aka yi wa mai gyaran takalma na kusa da shi.

Babana ma ya faɗo mini. Shagonsa na kayan keke, da yadda mutum zai zo ya tambayi lambar kaca da girman taya, ya tafi Kano ya sayo, ya dawo ya ce Malam a taimaka a ɗaura mini. Yana ɗaurawa kuwa. Da dare in yana ƙirga cinikin yini, mu yara mun san ba a yi masa surutu. Ban fahimci wannan shirun ba sai da na girma, yau kuma na sake ganinsa a fuskar wani Bature mai shekara saba'in da wani abu.

Bayan isha'i na gaya mata duk wannan. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce batun bindiga zuciyarta ba za ta taɓa sakewa da shi ba, kada ma in sa rai. Na ce ban nema ba. Amma ta ce in dai ƙa'idar ke nan, to ta hau kan kowa. Naman da muke saye a babban kanti saboda rangwame, a koma shagon 'yar Somaliyan nan da ke kusa da masallaci, wadda ke ba mata bashi har ƙarshen wata ba ta rubuta ruwa a kai. Manja da garin rogo a koma wajen mutumin Gana. Na ce na yarda. Muka ɗauko takarda muka yi lissafi, abin zai ƙara mana nauyi a wata, ba kaɗan ba. Kuɗin Inna ba za a taɓa ba, wannan ta gindaya shi tun farko. Tashoshin talabijin da ba ma kallo za a yanke, da cin abincin waje na ranar Juma'a. Yara ba su sani ba tukuna.

Raina bai gama kwanciya ba duk da haka. Yaron nan yana ta dawo mini, da yadda ya yi godiya da fara'arsa ya fita, bai san ya yi komai ba. In bindigar ta iso ta ƙi saiti, wajen wa zai kai ta?

Na kira gida, layi ya ƙi, sai saƙon murya na bari. Alhaji, abokin farautata, ya ce in biya masa gobe bayan azahar mu je fili a gwada saiti, tasa ma tun bara ba a harba ba. In an dace bana sai an kai kan barewar gwajin cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa da ta ɓulla a jihar tun 2002 kafin a taɓa naman, don haka kilishi sai Disamba. Uwargida ta ce ƙuli-ƙulin da ya rage ba zai isa ba, duk mai zuwa daga gida cikin watan nan ya yi mini magana.