Abin da aikin asibitin dabbobi ya koya min kan ciwon kunnen kare

In ka cire kaska da tsutsar ciki da gudawar 'yan kwikwiyo, ciwon kunne na cikin abubuwan da aka fi kawo mana karnuka saboda su, kuma shi ne wanda mutane suka fi rainawa. Mutum zai shigo ko karen ma bai taho da shi ba yace "Likita karena sai kaɗa kai yake yana susar kunne, a ba ni na ɗigawa", shi a wajensa magana ta ƙare kenan. Ni ba likita ba ne mataimaki ne, ni ke riƙe dabba ni ke wanke kunne ni ke shirya gilashin gwaji, amma aikin nan ya koya min abin da nake so duk mai kare ya sani, ba a ɗiga komai a kunnen kare sai an leƙa ciki, kuma ko an leƙa an yi magani in ba a gano abin da ya tayar da ciwon tun farko ba to dawowa zai yi.

Dalilin leƙawar yana cikin yadda Allah ya halicci kunnen nasu. Ramin kunnen ɗan adam gajere ne kusan a miƙe, na kare kuwa sai ya gangara ƙasa tukuna sannan ya karya kwana ya nufi cikin kai, siffar harafin L, dodon kunne na can ƙarshe. Abin da kake gani in ka ɗaga kunnen da hannu bakin ramin ne kawai. Ruwa ko dauɗa in suka faɗa kwanar nan ba sa fita da sauƙi, wurin ga ɗumi ga danshi ga duhu, dan haka ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Shi ya sa ma muke hana mutane tura tsinken auduga, ba fito da dattin yake ba dannashi yake yi can ƙasa ya cushe a jikin dodon kunne.

Abu na farko da Dakta ke nema da otoskof, 'yar fitilar nan mai siririn baki, shi ne dodon kunne, lafiyarsa ƙalau ko ya huje. Wannan ba ƙaramar magana ba ce domin da yawa cikin magungunan ɗigawa da ake samu a kemis akwai jentamaisin ko niyomaisin a ciki, in dodon lafiya yake ba matsala suna aiki sosai, amma in ya huje maganin zai zarce ciki ya taɓa inda ji yake, kare na iya kurumcewa wani lokacin ma har abada. To ka ɗauko shi dan gadi ka kurumtar da shi da hannunka. Wani karen kuma ramin ya kumbura ya toshe har fitilar ba ta shiga, ko zafin ya yi yawa ba zai yarda a taɓa ba, a nan ba a yin dole, ko ai masa allurar barci a wanke a duba a natse, ko a ba shi firednisolon na 'yan kwanaki kumburin ya saɓe hanya ta buɗe sannan a dawo. Kafin na fara aikin nan ban san maganin kumburi na da muhimmanci haka ba, a wasu karnukan shi ke yin rabin aikin.

Sai gwajin gilashi, wanda ni dai shi na fi so a duk aikin kuma bai da tsada bai cin lokaci. Za a ɗan laƙato dattin kunnen a murza a kan gilashi, a tsoma a ruwan rini kala uku na Diff-Quik, a ɗauraye a bari ya bushe a sa a madubin likita. In yis ne, wani irin ƙwayar cuta dangin naman gwari wanda ake kira Malaseziya, za ka gan su shuɗi-shuɗi kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu da ɓawonta, an ɗan tsuke tsakiya, kuma tun kafin ka duba ma hancinka ya gaya maka saboda wani irin wari mai tsami da dauɗa ruwan ƙasa mai maiƙo. In 'yan ƙulalai ne a dunƙule to yawanci ƙwayar bakteriya ce mai suna Stafilokokus. In kuma dogaye ne sirara sai ka ga fuskar Dakta ta canja, domin sau da yawa bakteriyar Sudomonas ce, ita ce mai kawo mugunya ruwan ɗorawa ko kore-kore mai yauƙi, ta ci fatar ramin ta yi gyambo, ta fasa dodon kunne, kuma magunguna da yawa ba sa kama ta. Akwai kuma ƙananan ƙwarin kunne, Otodektis, an fi samunsu a 'yan kwikwiyo da kyanwowi, dattinsu baƙi ne busasshe mai marmashewa, su ba sai an rina ba ɗigon mai kawai za ka sa ka ga suna motsi da ƙafafunsu. Duk waɗannan a waje alama ɗaya ce, kaɗa kai da susa, amma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai. Antibayotik ba ya kashe yis, maganin yis ba ya kashe ƙwaro. Kuma in ƙwarin nan ne sai an yi wa duk karnuka da kyanwowin gidan magani tare, dan daga ƙwai zuwa babba wajen sati 3 ne kuma suna yawo daga wannan dabba zuwa waccan.

Amma darasin da ya fi daɗewa kafin ya zauna min shi ne yis ɗin da bakteriyar yawanci ba su ne mafarin ciwo ba. Dama can suna zaune a fatar kare lafiyayye kaɗan-kaɗan, sai wani abu ya ɓata fatar ramin sannan su yi yawa. A karnukan da ke zuwa suna komawa suna dawowa, abin nan galibi aleji ne, jiki ya ƙi wani abinci ko ƙura ko wani abu a muhalli. Shi ya sa Dakta in an kawo kunne sai ka ga ya koma yana buɗa tsakanin yatsun ƙafa yana duba hammata da ciki da ƙarƙashin wutsiya, mai kare na cewa "Dakta kunne fa na ce", shi kuma yana tambaya yana lasar ƙafa? yana goga fuska a ƙasa? da damina ya fi tashi ko duk shekara ne? Kunne biyu sun yi ja ga lasar ƙafa, to kusan an gama magana. In ana zargin abinci, naman sa da madara da kaza da alkama su aka fi kamawa da laifi, kuma hanyar ganewa ita ce a ɗora kare a kan abinci ɗaya tak wanda bai saba ci ba har kamar sati 8. Gaskiya wannan a gidajenmu wuya gare shi, kare na cin ragowar tuwo yau gobe ƙashin kaza jibi yara sun jefa masa biredi, sai an zaunar da duk gidan an yi musu bayani har masu aiki.

In kuwa kunne ɗaya ne kuma farat ɗaya ya fara, musamman karen farauta ko na makiyaya da ya dawo daga daji yana kuka yana karkata kai, sai a nemi tsinken ciyawa ko ƙarangiya ko kaska da ta maƙale ciki. A ciro kawai, sau tari kafin su bar asibitin ma karen ya samu sauƙi.

Akwai wani abu da mutane ke kira ciwon kunne wanda ba a cikin ramin yake ba sam, cizon ƙuda a tsinin kunne. Wani ƙuda ne mai shan jini da ke hayayyafa a ruɓaɓɓen harawa da ya haɗu da kashi da fitsarin dabbobi, dan haka gidan da ake da turken tumaki kusa da kejin kare an fi ganinsa. Jaman Shefad da sauran masu tsayayyun kunnuwa tsinin yake ci, ya yi ɓawon baƙin jini, kare ya kaɗa kai ɓawon ya fashe ƙudaje su ƙaru. A nan ne nake ganin abin da ke ɓata min rai wallahi, a shafa baƙin mai, a shafa kananzir, wani har fiya-fiya yake zubawa. Ba mugunta ba ce so suke ƙuda ya bar shi, amma fiya-fiya guba ce da ke ratsa fata, an sha kawo mana kare yana dalalar da yawu jiki na karkarwa saboda ita. Abin da ake yi mai sauƙi ne, a jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi a wanke, a shafa man ciwo, a sa maganin korar ƙuda da aka yi dan karnuka, in mai fametirin ne kar ya kusanci kyanwa dan kashe ta yake, a ɗauke karen daga wurin da rana a kuma kwashe jujin. Masu yanke wa kare kunne wai dan kar ya yi ciwo kuma, ban ga yana hanawa ba, ramin dai na nan yadda yake.

Wani lokacin kaɗa kan ne da kansa ke jawo sabon ciwo, jijiyoyin jini su fashe a cikin fatar kunnen jini ya taru tsakanin fata da guringuntsi, kunnen ya kumbura suntum yana lilo da nauyi. Zuƙe jinin da sirinji kaɗai yawanci sake cika yake, sai an yi 'yar tiyata an tsaga an ɗinke fata da guringuntsin sun manne, kuma dole a magance abin da ke sa shi kaɗa kan. In aka bar shi haka kunnen zai yamutse ya ƙanƙance ya ƙara toshe ramin.

Sai maganar wanda zai sa maganin a gida, ita ma ba a aji ake koyar da ita ba. Alhaji ne ke biyan kuɗi, shi ake yi wa bayani, amma ba shi ke taɓa karen ba, maigadi ne ko wani yaro a gidan. Yanzu in ba a zo da shi ba sai mu ce a turo shi. Akwai wani dattijo maigadi da ke kula da wani ƙaton kare irin Bobul, na ce "Baba ya kuke sa maganin?" sai ya nuna min, daga nesa yake miƙa hannu ya ɗiga a bakin kunne ya janye da sauri, yace "Ɗana tsoronsa nake ji, tunda kunnen nan ya fara ko ni gurnani yake min". Gaskiyarsa ce, ciwon kunne na da zafi ƙwarai kare mai haƙuri ma zai iya kai cizo. Muka sa masa takunkumi na kama hannun Baba na ɗora a gindin kunnen inda ake jin bututun guringuntsi a ƙarƙashin fata, aka ɗaga kunnen sama aka cika ramin da ruwan wankin kunne, ya murza a hankali har muka ji yana caɓal-caɓal, wajen minti ɗaya, sannan muka saki karen ya kaɗa kai dattin ya fantsamo, aka goge iya inda yatsa ke kaiwa da auduga. Bayan ya ɗan tsane sai magani, a sake murzawa ya gangara. Ya tafi da takunkumi ɗaya da maganin zafi na karnuka, na kuma ja masa kunne kar wanda ya ba karen ibufurofen ko daikulofenak na mutane, suna yi wa kare gyambon ciki su lalata ƙoda.

Ranar dawowa ma ba ta wasa ba ce. Kwana 3 ko 4 da fara magani wari ya ragu susa ta tsaya sai a ajiye kwalba, alhali can kwanar ramin ba ta warke ba. Mu bayan kamar sati 2 muke so a dawo a sake leƙawa a sake gwajin gilashi, shi zai ce an gama ko a ci gaba. Yanke magani a tsakiya da sauya wannan a kama wancan shi ke haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani, in an kai nan sai a ɗauki samfur a tura ɗakin gwaji a shuka a ga wane magani ke kama su, irin asibitocin koyarwa na dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri ko cibiyar bincike ta Vom kusa da Jos wadda ke nan tun 1924. Kunnen da aka bari shekara da shekaru yana tashi yana kwanciya, fatar ramin kauri take yi guringuntsin ya taurare ya zama ƙashi hanya ta rufe, daga nan ba ɗigon da zai shiga, sai tiyatar cire ramin gaba ɗaya, ga tsada ga ƙarancin masu yinta.

In ciwon ya zarce zuwa kunnen ciki kuma kare zai karkace kai gefe ɗaya, yana tangaɗi yana zagaye, idanu na rawa, wani gefen fuskar ya saki yawu na zuba. A unguwa da an ga haka sai a ce ya haukace a ɗauko sanduna, alhali wani ciwon kunne ne da zai iya warkewa da magani na sati 4 zuwa 6 ko fiye. Amma kuma ba zan ce wa kowa ya je ya kama shi da hannu yana duba kunne ba, domin haukan kare gaskiya ne yana nan a ƙasar nan kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, da ido kaɗai ba za ka iya bambancewa ba. A rufe shi a wuri ɗaya a hana yara zuwa, a kira likitan dabbobi, a nemo katin rigakafinsa in akwai. In ya riga ya ciji wani ko ya yakushe shi a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a ranar a fara allura, ba sai an jira an ga abin da zai faru da karen ba, shi kuma a ci gaba da tsare shi ana lura da shi har kwana 10.