Mai dokar barci

Ranar Juma'a ɗan ƙanwata ya rage mini hanya daga unguwar Hindawiyya bayan la'asar. Na buɗe aljihun gaban mota ina neman tishu, sai katin rigakafin 'yarsa ya faɗo. Yarinya tana wata goma sha ɗaya, gurbin wata tara babu hatimi. Na ce, "Ɗana, allurar ƙyanda fa?" Ya ce, "Kawu, ai lafiyarta lau, in an samu sarari za a kai ta." Na tambaye shi yaushe rabon da a auna jininsa shi kansa. Ya yi dariya, wai tun gwajin ɗaukar aiki. Shekarunsa 34, uwarsa tana shan maganin suga, ga kawunsa zaune kusa da shi da ƙodar da ba ta kai rabin aiki ba.

Shekara 22 na yi ina ɗibar jinin mutane a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Makka. Na san kowace kwalba da launin murfinta, na san gwajin da ke son azumin awa takwas da wanda ba ruwansa. Ina da shekara 41 abokiyar aiki ta ɗaura mini na'urar auna hawan jini cikin wasa, ta nuna 150 bisa 95. Ƙa'idar a bakina take, ni nake karanta wa mutane ita: awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai a maimaita kwana bakwai, safe da yamma, sau biyu kowane zama. A zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba gahawa ba sigari rabin awa kafin nan. Ban yi ko kwana ɗaya ba. Na ce gajiyar lokacin Hajji ce. Awo na gaba ya zo bayan shekara tara: 180 bisa 110, kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kai 2.1, furotin na zuba a fitsari, lambar tacewar ƙoda 37 a inda mai lafiya ke da 90 zuwa sama. A duk shekarun nan ba abin da na ji sai ciwon kai jefi-jefi, shi ma ibuprofen nake kora masa, in baya ya riƙe in ƙara da diklofenak, alhali na fi kowa sanin su ne magungunan da ake hana mai raunin ƙoda. Da azumi kuma in cika kofi da ruwan irƙisus, jiƙon wata saiwa mai zaƙi, wanda shi kansa yana ɗaga jini.

Ba wai ba ni da uzuri ba. Aiki kwana shida ne, zuwa biyu a rana, safe da dare. Ga kuɗin iƙama, wato takardar zama, ta mutum bakwai, ga haya, ga aike gida duk wata. Mai wannan nauyi a wuya ba ya son jin wata lamba da za ta ce masa ya rage gudu. Kuma a unguwar da na tashi, da yawa takardunsu ba cikakku ba ne, asibiti wuri ne da ake zuwa sai an kai maƙura, tsoron ya shige mu har mu da muke da takarda. Iyayenmu ma ba su auna komai ba, wasu sun haura tamanin. Haka na riƙa gaya wa kaina. Sai dai ban taɓa ƙirga waɗanda suka yanke jiki suka faɗi suna hamsin ba, da waɗanda ɓarin jiki ya shanye aka ce iska ce. Kuma na'urar tana kan tebur taku biyar daga kujerata, kyauta. Wannan ba laifin kafili, wato uban gidan da baƙo ke zaune a ƙarƙashinsa, ba ne.

Na maiɗakina ya fi ci mini rai. Suga ya hau mata a cikinta na ƙarshe, ya sauka bayan haihuwa, muka ce alhamdu lillahi an rabu. Ƙa'ida ita ce a sake auna ta tsakanin sati huɗu zuwa sha biyu bayan haihuwa, daga nan duk shekara ɗaya zuwa uku har abada, domin macen da ta yi sugan ciki tana kan gaɓa. Ban kai ta ba. Ita ma ba ta ce a kai ta ba, in za a faɗi gaskiya, amma wa ke aikin asibiti a gidan? Sai da rubutun Alƙur'ani ya fara yi mata hazo aka auna. Tarakumi, wato awon da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, ya ba da 9.8. Daga 6.5 ake kiransa ciwon suga, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, kuma a nan ne rage shinkafa da lemon kwalba da yin tafiyar rabin awa ke iya mayar da mutum baya. Mun tsallake wannan zangon gaba ɗaya ba mu san an shige shi ba. Jijiyoyin bayan ido sun riga sun fara yoyo.

Yara kam na kai su rigakafi, ba don hankali ba, don makaranta ba ta karɓar yaro sai da cikakken kati. Jadawalin nan ƙasar ba boyayye ba ne: ranar haihuwa, sai wata 2, 4, 6, 9, 12, 18, 24, sai na shiga makaranta tsakanin shekara huɗu da shida. Ta ciwon hanta ce ranar haihuwa. Na wata biyu da huɗu da shida su ne na shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora da limoniya. Ɗigon gudawa yana da iyakar watanni, in aka makara ya wuce ke nan. Ta tarin fuka, da a gida ake yi wa jariri sabon haihuwa, a nan wata shida ce, kada kaka ta zo daga Kano ta tayar muku da hankali. Wata tara ƙyanda da sanƙarau. Wadda yaron nan ya tsallake ke nan, a garin da duniya ke zuba kowane wata. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka shaƙa, kusan tara sai sun kamu. Sanƙarau kuwa duk wanda yake nan a Hajjin 2000 da 2001 ba sai an ba shi labari ba. In an tsallake allura ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. 'Yar mura ba ta hana allura, zazzaɓi mai zafi ne ke sa a ɗaga.

Abin da ban kula da shi ba a lokacin shi ne zuwan ba na allura kaɗai ba ne. Ana auna nauyi da tsawo da zagayen kai, a ɗiga a kan layi. Ɗigo ɗaya ba ya faɗin komai, sai sun jeru ake gane yaron da ya daina hawa. Wajen shekara ɗaya a duba ƙarancin jini, musamman yaron da aka cika wa ciki da madarar shanu da shayi. Haƙori tun fitowar na farko, ko cikar shekara. Ido kafin makaranta, domin idon da ya yi lalaci ana gyara shi da tabarau da rufe ɗayan kafin shekara bakwai, bayan nan da wuya.

Na zauna da niyyar jero muku abu goma, na ga ba za ku karanta ba. Ku matasa da kuke ɗaure da agogon da ke ƙirga takunku daga gado zuwa mota, kuna cin soyayyar kazar burost ƙarfe biyun dare kuna korawa da lemon ƙara kuzari. Manhajar ma'aikatar lafiya, Sehhaty, tana cikin wayar da ba ta barin hannunku, lambar ma'aikatar 937 tana amsawa dare da rana, mu a zamaninmu da ƙafa muke zuwa kama layi.

Duk babba ya auna jini sau ɗaya a shekara, ko yana jin zai iya ɗaga mota. In ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, likita, ba tafarnuwa ba. Suga daga shekara 35, ko kafin nan in akwai ƙiba ko yana cikin dangi; na azumi 100 zuwa 125 gargaɗi, 126 sau biyu ya tabbata. Mai suga ko hawan jini ya ƙara da kiriyatinin da furotin na fitsari duk shekara, mai suga kuma a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa ciki, ya tafi da direba don gani zai dushe 'yan awoyi. Daga arba'in a auna hawan jinin ido, ya fi kama mu baƙar fata, kuma daga gefe yake cin gani a ɓoye. Mata hoton nono daga arba'in. Ciwon hanta nau'in B a gwada ko sau ɗaya a rayuwa. Ku rubuta kowace lamba da kwananta a littafi guda. "An ce lafiya lau" ba sakamako ba ne.

Kada ku sayi tarin gwaji hamsin ɗin nan da ake tallatawa da rangwame. Rabinsu ba su shafe ku ba, ɗaya zai fito ja ba dalili, ku kwana kuna tambayar intanet. Ko da yake, in tallan ne kaɗai zai fitar da ku daga gida, ku saya. Ni da na san wanda ya dace da wanda bai dace ba, ga inda sanin ya kai ni: likita yana lissafa mini shekarun da suka rage kafin wankin ƙoda, sau uku a sati, awa huɗu kowane zama.

Marasa aure, gwajin sikila tun kafin a kai gaisuwa. Tun 2004 aka wajabta shi ga 'yan ƙasa, amma auren da muke ɗaurawa a falo ba mai tambayar takarda. AS da AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki, ba wai ɗaya cikin yara huɗu ba.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, gidan yaron nan akwai mage mai dogon gashi, kuma ita katinta cike yake, har wanka ake kai ta. Na so in ce a bayar da ita. Amma gaskiya abin da suke mata daidai ne: allura tun tana sati takwas, a maimaita duk sati uku zuwa huɗu har ta kai sha shida, ta haukan kare daga sati sha biyu, duba sau ɗaya a shekara, maganin tsutsa duk wata uku. Makero daga 'yan kyanwa yake tsallakawa kan yara, kuma mai ciki kada ta kwashe kashinta, in dole ne da safar hannu, kullum ba a bari ya kwana. Na dai ce masa ranar Lahadi zan zo ƙarfe takwas, ya ɗauko yarinya da katinta, kada ya karya, shi ma za a ɗebi nasa. Ya ce yana da aiki. Na ce ni ma haka na ce.