Asabar: Dogo ya saki sitiyari

Maganar Dogo ce ta hana ni kwanciya. Cikin raha ya faɗe ta, kowa ya yi dariya har da ni, amma tun ɗazu take min yawo a kai.

Safiya ba wani labari. Wanki, sai aiken Mama gidan Goggo, wanda kun san ba a zuwa a dawo da wuri. Wuta ta dawo wajen la'asar, na sa gilashin VR, wanda ake ɗaurawa a fuska a ji kamar ana cikin gem, a caji.

Bayan isha'i muka shiga IronWolf, gem ɗin tuƙa jirgin yaƙi mai nutso a ruwa, mu huɗu, tunda huɗun ne iyakar abin da jirgin ke ɗauka. Rabon aiki yana nan yadda yake. Baffa a madubin leƙe, shi ke ba da umarni. Dogo a sitiyari da libar gudu. Auta a bawul ɗin tankuna da gejin iska. Ni ɗakin tofido, makamin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, kuma in ruwa ya ɓalle ni ne mai walda. Tun da Ionized Studios suka fitar da gem ɗin nan a 2017 abin da ya bambanta shi ke nan: jirgin ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki daidai filin da mutum zai taka a tsakar ɗakinsa, in za ka wuce na gaba sai ka bi ta ƙofa. Wanda ke wani ɗakin ba ka ganin abin da hannunsa ke yi. Muryarsa kawai gare ka.

Farkon ya yi kyau. Mun samu jirgin dakon kaya a gefe, Baffa ya auna, na loda, aka harba, ya tafi ƙasa. Auta har da guɗa. Sai jirgin yaƙin da ke rakiyarsa ya juyo kanmu, Baffa ya ce a nutse a rage gudu. Daidai ne. Farfela in tana juyawa da ƙarfi kusa da saman ruwa kumfa take haifarwa, kumfar tana fashewa da ƙara, ƙarar ce mafarauci ke bi. A yi ƙasa, a tafi a hankali, a yi shiru.

Ruwan bam na farko ya sauka kusa da goshin jirgi. Fitila ta yi fari-fari, ruwa ya fara tsartuwa a ɗakina. Na ce, “Ruwa a ɗakin tofido, huda biyu, ina kai.” Na ɗauki kan walda na durƙusa kan ta farko. Ina cikin yi na ji motsi a bayana, na waiga, sai ga hannayen Dogo suna shawagi.

“Mutumina, me ya kawo ka nan?”

“Na zo in taya ka.”

“Wa ke sitiyari?”

Bai amsa ba. Daga can muna jiyo Baffa, ido a kan allonsa, yana ta faɗin “Hagu gaba ɗaya, cikakken gudu, hagu nake cewa!” ga sitiyarin da babu kowa a kansa. Kafin Dogo ya koma, ruwan bam na biyu ya sauka a kanmu sosai. Ruwa ya ɓalle a ɗakin umarni, gejin zurfi ya fara gudu, ido ya raina fata, Auta ya buɗe iska gaba ɗaya. Muka taso kamar an cillo mu, muka ɓullo a gefen jirgin da ke nemanmu. Sauran aikin igwarsa ce ta ƙarasa.

Da muka cire gilashi muka koma waya, Dogo ya riga kowa. Ya ce, “Haba jama'a, ina jin ɗan'uwana yana cewa ruwa, in tsaya ina murza sitiyari kamar ban ji ba? Ni ba haka aka raine ni ba. Hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya.” Baffa ya ce, “Allah ya yi maka albarka, Dogo, ka nutsar da mu cikin ladabi.” Aka kwashe da dariya, aka yi sallama.

To ni ga abin da ya tsaya min. Dogo ya ɗauka wurin da ruwa ke shigowa nan ne wurin haɗari. A wannan daƙiƙar ba nan ba ne. Huda biyu a ɗaki ɗaya aikin mutum ɗaya ne, kuma na faɗa da bakina cewa ina kai. Haɗarin yana sitiyari, don akwai wata 'yar taga da mafarauci ke buɗe maka ba da son ransa ba, kuma ba ta daɗewa. A Yaƙin Duniya na Biyu na'urar ASDIC da jiragen Ingila ke nemo jirgi mai nutso da ita gaba take aika sauti, ba ta iya duban ƙasa sosai. Idan mafarauci ya matso dab da kai domin ya wuce ta samanka ya zubo bam ta bayansa, sai ka ɓace masa. Ƙarasowar ƙarshe a makance yake yin ta, yana zato kana nan kan layin da ya bar ka. Bam ɗin kuma ba nan take yake isowa ba. Nutsewa yake yi mita 2 zuwa 5 a daƙiƙa, gwargwadon nauyinsa, wato in kana zurfin mita 100 kana da daƙiƙa 20 zuwa 50. Kuma sai ya fashe kusa ƙwarai, ƙasa da mita goma, kafin ya fasa jikin jirgi. In ya fi haka nisa girgiza ce da fashewar ƙwan fitila da 'yan huda. Saboda haka da ka ji farfelarsa a saman kanka, lokacin juya sitiyari har ƙarshe ne, a ba da wuta, a sauya zurfi. Ƙarar da kake ɓoyewa tun ɗazu yanzu ba ta da illa, fashewar bam ɗinsa ma tana dagula ruwan ta toshe masa kunne na ɗan lokaci. Wannan makantar ce ta sa Ingila ta fito da Hedgehog a 1942, mai cilla ƙananan bama-bamai gaba tun jirgin bai ɓace wa na'ura ba.

Wannan tagar Baffa yake kira, mu kuwa muka miƙe sambal kan layin da aka auna mu. Tamkar direban bas ne ya saki sitiyari a kan kwana ya je taya yaron mota rufe ƙofa.

Na san abin da Dogo zai ce, kuma ba shirme ba ne. Gilashin nan yana yaudarar jiki. A allon kwamfuta ruwa lamba ce a kusurwa. A nan kana ganinsa yana hawa gwiwarka, kana jin abokinka yana haki a kunnenka, ƙafarka ce ke tafiya kafin kanka ya yi lissafi. Halin kirki ne ya tashe shi daga kujerarsa. Abin da nake ja da shi, a jirgin da aka raba wa mutum huɗu aiki huɗu, duk wanda ya tafi taimako ya bar gurbi, kuma gurbin ba ya ihu. Huda tana tsartuwa kowa ya gani. Sitiyarin da babu kowa shiru yake yi har a mutu.

Kuskuren Auta ya fi sauƙin gyara, don shi tsoro ne kawai. Na kira shi daban.

“Yaya, muna ta yin ƙasa fa, me zan yi?”

Na ce ya hura, amma ba duka ba. Tankunan nan aikinsu ɗaya: a cika su da ruwa jirgi ya yi nauyi ya nutse, a koro ruwan da matsattsiyar iska ya yi sauƙi ya taso. Iskar a kwalabe take, tana da iyaka, kuma ba a mayar da ita sai an samu iskar waje. A jirgin gaske lissafin ya fi haka tsauri. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar duniya guda, don haka a mita 100 matsin ya ninka na sama sau 11, kuma iskar da za ta kori ruwan tanki ɗaya a can ta ninka haka. Ga kuma tarkon: da jirgi ya fara tasowa matsi yana raguwa, iskar da ke cikin tanki tana kumbura, tana ƙara koro ruwa, jirgin yana ƙara sauri. Wanda ya buɗe bawul har ƙarshe ya riga ya yanke cewa sai saman ruwa, ko ya sani ko bai sani ba. Abin yi shi ne a buɗe kaɗan a rufe, a kalli allurar zurfi. Ba so ake ta juya baya ba, so ake ta rage gudu ta tsaya. In ta tsaya an saya wa mai walda lokaci, shi ke nan. In ta fara komawa sama da sauri a bar ruwa kaɗan ya shiga tanki a riƙe ta.

Ya ce to me ya sa ba za a yi can ƙasa ba tun farko, inda bam ke daɗewa kafin ya iso. Tambaya mai kyau. Zurfi yana ba ka daƙiƙoƙi, amma yana karɓar kuɗinsa a wurin huda. In ka ninka zurfi sau huɗu, ruwan da ke shigowa ta huda ɗaya ya ninka biyu. Jirgi mai lafiya ƙasa ta fi masa. Jirgi mai huda gara ya ɗan ɗago, muddin bai kai inda za a gan shi ba.

Abin da zan kai wa Baffa gobe guda uku ne, kuma babu wanda ni na ƙirƙiro. Umarni a maimaita shi. Sojan ruwa haka suke yi: an ce hagu gaba ɗaya, mai sitiyari ya ce hagu gaba ɗaya, sannan ya murza. Da muna yin haka, shirun farko zai gaya wa Baffa babu kowa a wurin, ya saki madubi ya kama da kansa, taku biyu ne tsakaninsu. Ga mu da intanet ɗinmu mai jinkiri, inda murya kan iso a makare ko ta yanke a tsakiya, maimaitawar ta ma fi zama dole. Sai rahoton ruwa, ya zama ina ne, guda nawa, ana son hannu ko ba a so, kuma in an ce ba a so a yarda. Na ukun shi ne na Dogo: ba mai barin wurinsa sai ya faɗi sunan wanda zai karɓa, wancan ya amsa. In dole sai an taya mai walda, Auta ne zai zo bayan ya daidaita zurfi, don allurarsa tana iya jira kaɗan. Sitiyari ba ya jira.

Ina rubuta wannan sai raina ya ɗan ɓaci, ba da Dogo ba. Jiragen da gem ɗin ya ɗauko kamanninsu mutane ne a ciki. Samfurin Type VII na Jamus yana ɗaukar mutum arba'in da wani abu zuwa hamsin a cikin bututun ƙarfe. A saman ruwa da injin dizal yana yin kusan kilomita 32 a awa, a ƙasa da batir da ƙyar ya kai 14, kuma in ya yi wannan gudun batirin ba ya daɗewa. Wato a ƙarƙashin ruwa ba su iya tsere wa mai farautarsu, sai dai su ɓuya su juya a kan lokaci. Cikin mutum wajen 40,000 da suka yi aiki a jiragen nutso na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba, ban da dubban ma'aikatan jiragen dakon kaya da suka nutsar, irin wanda Auta ya yi wa guɗa ɗazu. A cikinsu akwai wanda aikinsa ya zauna riƙe da ƙarfe ɗaya yana jin ihu daga ɗakin baya, an hana shi waigawa. Mu muna cire gilashi mu sha ruwan sanyi.

Ƙananan abubuwa. Gilashina ya yi ta yin hazo saboda gumi, fanka a ƙasa tana kallon fuska ta fi ta sama magani, kuma tana taimaka wa mai jin jiri. Tabarmar da na shimfiɗa a tsakiyar fili ta yi aiki, ƙafa tana gane gefenta, ban daki kwaba ba yau ko da nake walda a durƙushe. Caji ya kusa ƙarewa wajen awa biyu kamar kullum, kebul ɗin kwamfuta ba ya cika shi, rage masa saurin sauka kawai yake yi.

Gobe in Allah ya kai mu mataki mafi sauƙi za mu shiga, ba don harbi ba. A nutse, a tsayar da allura wuri ɗaya, a juya, a taso, kowane umarni da amsarsa, har bakin kowa ya saba. Auta ya ce zai zo da wuri. Dogon kebul ɗina ma yana wurinsa tun ranar Laraba.