Kafin ki buɗe ajin ƙananan yara a Legas

Ƙannena mata na Agege da Idi-Araba da Mile 12, na lura da yawanku in kun gama sakandare aiki bai samu ba, sai ku kama shago ku tara yaran maƙwabta, a liƙa allo a ƙofa an buɗe nazare. Ni ma ta nan na shigo, kuma da ana mayar da hannun agogo baya, da karatun sana'ar zan fara nema.

Na ɗauka duk wadda ta goyi ƙanne ta iya da yara. Na cika ɗaki mai taga ɗaya maƙil, ba filin wasa, ga zafin Legas. Iyayen kuwa, yawancinsu 'yan kasuwa, burinsu su ga littafi cike da ABC don su san kuɗinsu bai tafi a banza ba. Na biye musu. Sai in kama hannun 'yar shekara uku in danna mata fensir tana kuka, alhali yatsunta ko maɓallin riga ba su iya sakawa ba. Akwai wadda ta kai da ta hango jakar makaranta sai ta ɓuya a bayan uwarta.

Sai da na shiga NCE, wato karatun shaidar malanta, a fannin ilimin ƙananan yara na gane ɓarnar da na yi. Friedrich Froebel, wanda ya kafa irin wannan makaranta a Jamus a wajajen 1840, a kan wasa da waƙa ya ɗora ta. Maria Montessori kuma a unguwar talakawa ta buɗe tata a birnin Rum a 1907, da kujeru daidai tsayin yara, suna koyon zuba ruwa da share wuri da hannunsu. Da irin wannan ne yatsu ke yin ƙwari kafin a kai ga rubutu. Da murafen kwalba da tiren yashi ma sai ki yi aikin, kada tsadar kayan wasa ta tsorata ki.

Ga kuma doka, wadda ban waiwaya ba sai da jami'ai suka tsaya mini a ƙofa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin tsarinta, NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma ana bukatar rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. A Legas, makarantar kuɗi sai da amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, kuma za a zo a duba gini da banɗaki da ruwa.

Jami'ar horar da malamai ta jihar tana nan Ijanikin, ki je ki tambayi sharuɗɗan shiga. Kafin nan ki nemi aikin mataimakiya a wajen gogaggiyar malama, ko da albashin bai taka kara ya karya ba, ki zuba ido ki ga abin da take yi idan yara biyu suka kama kokawa a kan abin wasa ɗaya.