Aikin Mini: na tsai da shawara a kan haƙoran giya

'Yan'uwa masu koyo, injin motata ƙirar Mini ya kammala, yana gefe a rufe da leda. Mai cc 1275 ne, an gyara kansa, an sa masa kamshaf mai ɗan zafi da kafireto biyu. Yanzu giyabos ne a kan benci, mun warware shi gaba ɗaya a garejin mastana da ke Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma tun da aka buɗe shi kowane fita, wato makanike, da ya leƙo sai ya ce in sa giya mai miƙaƙƙun haƙora irin ta motocin tsere. Ba zan sa ba, ga kuma lissafin da ya kai ni nan.

Wanda bai taɓa buɗe Mini ba ya fara riƙe wannan. Tun da ta fito a 1959, Alec Issigonis ya kwantar da injinta a gicciye, ya sa giyabos a ƙarƙashinsa, a wurin da sauran motoci ke tara baƙin mai. Mai ɗaya ke zagaya injin da giya. Duk ɓarɓashin ƙarfen da haƙori ya zubar, famfon mai zai iya zuƙo shi ya kai cikin injin. Shi ya sa ba na wasa da zaɓin nan.

Haƙoran giya iri biyu ne. Karkatattu su ne na kamfani: haƙori yana shiga ɗan'uwansa a hankali, daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, kafin ya saki wani ya riga ya kama, don haka ba ƙara. Illarsu, karkacewar tana tura giyar gefe, sai boris da washa su ɗauki wannan turin. Miƙaƙƙu ba sa turin gefe, ƙarfin da ke lalacewa a hanya ya ɗan ragu, amma haƙori yana faɗa wa haƙori baki ɗaya, kukan kuwa kamar ka zauna a shagon injin niƙa. A Magazin ana yawan cewa miƙaƙƙu sun fi ƙarfi. Idan girman haƙori ɗaya ne, karkatacce ya fi raba nauyi. Abin da ke sa na tsere su jure shi ne ana yanka su manya, da ƙarfe mai kyau, kuma ba sa wahalar da jikin giyabos.

Wurin da na fi daɗewa a kansa shi ne giyoyi ukun nan da ke sauko da ƙarfi daga kuloci zuwa giyabos: ɗaya a wutsiyar kiranshaf, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin giyabos. Su ba sa hutawa, kowace lamba ka sa ta kansu ƙarfi ke bi. Lamba huɗu a Mini kai tsaye take, ba ta bi ta haƙoran sauran lambobi. Kenan wanda ya sa miƙaƙƙu a cikin giyabos kaɗai zai sha kuka a ɗaya da biyu da uku, ya samu sauƙi a huɗu. Wanda ya mayar da giyoyi ukun nan masu sauko da ƙarfi miƙaƙƙu kuwa, daga Kumasi har Accra, kusan kilomita 250, kukan na tare da shi. Ta tsakiyar ce mai laifi idan injin ya yi ƙarfi sosai, domin turin gefe yana sa ta cinye washarta, ta ci jikin alminiyom. Nawa injin bai kai wannan matsayi ba. Sabuwar washa, sabon boris, a auna wasan gefe ya tsaya tsakanin 0.08 da 0.2 na milimita, ya isa. Masta ya sa ni na auna da kaina, ya sake aunawa, sannan ya yarda.

Amma fa siffar haƙori ba ita ta yanke maganar ba, tsawon lambobi ne. Saitin miƙaƙƙu da ake sayarwa a Ingila yawanci lambobinsa a matse suke, lamba ɗaya tana wajen 2.5, alhali ta kamfani tana wajen 3.5, wato juyi nawa ke shiga giyabos kafin juyi ɗaya ya fita. Da tayoyi inci 10 da giyar ƙarshe, wadda ke juya difiransha, mai 3.44, lamba huɗu tana ba da kusan kilomita 26 a awa a kowane juyin injin 1,000. Ku raba da kanku: lamba ɗaya ta kamfani kilomita 7 da ɗoriya, ta tsere kusan 10. A filin tsere wannan alheri ne, sau ɗaya ake tashi. A cunkoson shataletalen Suame ko Kejetia, bayan turoturo, ƙananan bas na haya, da ke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ga kamshaf da ba ya son ƙaramin totur, sai dai a yi ta jan kuloci har ya yi ƙauri. Hawan dutsen Mampong da mutum huɗu a ciki ma ban so in gwada shi da irin wannan lamba ba.

Don haka na nemi saitin Cooper S, samfurin Mini mai gudu, mai karkatattun haƙora, wanda lambobinsa suke wajen 3.3, 2.1, 1.35 da 1. Ya fi na gama-gari matsuwa, injin ba zai faɗi ƙasa da inda kamshaf ke aiki ba in an canza lamba, kuma ana iya tashi da shi ba tare da roƙon kuloci ba. Giyar ƙarshe ta zauna a 3.44, wato juyi kusan 3,900 a gudun kilomita 100. Na yi sha'awar 3.1 don doguwar hanya, sai dai tana cinye kuzarin da aka kashe kuɗi aka nemo.

Dogbos, wanda ba shi da zoben daidaita gudu, ban ma sa shi a lissafi ba, na masu tsere ne. Nawa giyabos na bayan 1968 ne, duk lambobi huɗun suna da zobe. Zoben lamba biyu ya cinye, kamar yadda aka saba gani a Mini, don haka duka huɗun zan canza tunda an riga an buɗe.

Wata shawara ga mai sayen tsofaffin kaya: kada ku haɗa giyoyin injin A-plus, sabon samfurin injin Mini da ya zo a 1980, da na kafinsa. A ido sun yi kama, yankan haƙoransu kuwa daban ne. Ku ƙirga haƙora, ku ɗora sabon a kan tsohon kafin kuɗi ya bar aljihunku.

Abin da ya rage shi ne sandar da jerin giyoyin ƙasa ke juyawa a kanta, ta yi zane inda boris ke bi, sai sabuwa. Zan kuma sa bututun zuƙo mai na tsakiya, don kada famfo ya sha iska a kwana, da fil biyu a gicciye cikin difiransha maimakon guda ɗayan kamfani. In kayan sun iso, mu haɗa, mu juya da hannu a kan benci mu ji kowace lamba kafin a ɗora injin a kai.